Tosta: Abin da Take Gasawa Bayan Burodi

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa suna da na'urar gasa burodi mai ramuka biyu, wadda ake kira tosta, amma ba sa amfani da ita sai wajen karin kumallo. Wannan darasi zai nuna wasu abincin da za a iya gasawa da ita, da kuma waɗanda sa su a ciki kan jawo gobara.

Yadda take aiki

A cikin kowane rami akwai siraran wayoyi na wani ƙarfe da ake haɗawa daga nikel da kuromiyam, wanda Albert Marsh ya samar a Amurka a 1905. Irin tostar da ke cillo burodi da kanta kuwa, Charles Strite ne ya yi mata rajista a 1921. Idan wuta ta bi wayoyin sai su yi ja, zafinsu ya bugi fuskar abincin kai tsaye. Ke nan tosta bayan abu take gasawa, zafinta ba ya saurin ratsa ciki. Daga nan ƙa'idar ta fito: abin da za a sa ya zama siriri, busasshe, mai tsayuwa da kansa, wanda ba ya ɗiga.

Abin da ya dace

Dankalin Hausa shi ne kan gaba. A wanke shi, a yanka a tsaye da kaurin kamar rabin santimita, a goge ruwan. A sa a ramin, a kai ma'aunin zafi ƙarshe. Zagaye ɗaya ba ya isa, sai an maimaita sau biyu zuwa huɗu, har gefensa ya yi ja, cikinsa ya yi laushi. Bayan an fitar ne ake shafa mai ko a barbaɗa yaji, ba kafin a sa ba. Haka ake yi wa agaden da bai nuna sosai ba. Wanda ya nuna luguf kan narke ya manne da wayoyi. Gurasar da ta kwana ma, idan aka yanka ta daidai faɗin ramin, zagaye ɗaya ya isa ya dawo da ita.

Abin da bai dace ba

Kada a sa ɗanyen nama ko kifi: bayansa zai ƙone alhali cikinsa ɗanye ne. Tsire, ƙosai da duk abin da ke da maiƙo za su ɗiga a kan wayoyi su kama da wuta. Wasu kan kwantar da tosta a gefenta don su narka cuku a kan burodi. Wannan ganganci ne, domin ba a ƙera ta don haka ba. Kada a naɗe abinci da takardar alminiyam, kada kuma a zura wuƙa ko cokali sai an zare filogi. A riƙa zubar da ɓurɓushin da ke taruwa a ƙasanta. Mai sayen ta hannu kuma ya duba rubutun da ke jikinta: wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka wadda aka ƙera domin can za ta ƙone a nan.

Kammalawa

Kafin ka sa komai a tosta, tambayi kanka: siriri ne? Busasshe ne? Zai ɗiga? Sannan ka tsaya a kanta har ta gama, domin ɗakin kwanan ɗalibai ba naka ba ne kai kaɗai. Allah Ya tsare mu.