Tasirin Hasken Rana da Sinadarai a kan Bakteriyar Hamada

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda bakteriya ke rayuwa cikin rairayin hamada. Kowace ƙwayar bakteriya tana ɗauke da DNA, wato zaren da aka rubuta gadonta a jikinsa da haruffa huɗu. Cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda ake kira ultrabayolet. Idan ya sauka a kan zaren nan, yakan manne harafin taimin da ɗan'uwansa na kusa, sai ƙwayar ta kasa kwafar gadonta, ta mutu.

Sinadarai kuwa sukan ƙara tsananta al'amarin. A 2017 masana a Jami'ar Edinbara sun nuna cewa gishirin fakuloret, irin wanda ake samu a hamadar Atakama ta ƙasar Cili, yana gaggauta mutuwar bakteriya matuƙar wannan haske ya taɓa shi.

Duk da haka, a 2005 an bayyana wata bakteriya mai suna Deinococcus deserti daga rairayin Sahara, wadda takan ɗinke zarenta bayan ya tsittsinke. Daga nan za a fahimci cewa ƙwayar da ta iya gyaran gadonta ita ke ɗorewa a hamada.