Idan Faifan Saba Ya Cika Maƙil

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ɗalibin Bichi ko Dambatta ko Kunci ba baƙo ba ne a gaban allo. Abin da ba ya gani shi ne babbar kwamfutar da ke raba wa sauran tambayoyi, tana kuma tattara amsoshi. Ita ake kira saba.

Saba ta yi kama da gonakin wannan yanki, waɗanda masani Michael Mortimore ya yi nazarinsu tun shekarun 1960: ba a barinsu su huta. Dare da rana tana rubuta rahoton duk abin da ya faru a cikinta. Idan wata manhaja ta samu matsala, ko wuta ta yi ta ɗaukewa, sai rahoton ya yi ta kumbura har ya cinye faifai. A nan aiki yake tsayawa cik, domin ko buɗe shafi ɗaya yana bukatar ɗan wurin rubutu. Amsar ɗalibi ma ba ta da inda za ta zauna.

Mai kula da saba ba ya fara da goge-goge. A manhajar Linux, tsarin ajiya na ext4 kan keɓe kashi 5 cikin ɗari na faifai domin babban mai kula kaɗai, kamar yadda manomi yake ware iri. Da wannan ɗan sarari yake shiga. Umurnin df zai nuna ɓangaren da ya cika, du kuma ya nuna fayil ɗin da ya jawo hakan. Tsofaffin rahotanni su ake fara kwashewa zuwa wani faifai.

Akwai tarko a nan. Idan aka goge rahoton da wata manhaja take kan rubutawa, sunansa kawai zai ɓace, wurin kuwa ba zai dawo ba, domin manhajar tana riƙe da shi. Sai an sake tayar da ita, ko kuma tun farko a zazzage abin da ke cikin fayil ɗin a bar sunansa. Wani lokaci kuma sarari yana nan, amma gurbin rajistar fayiloli ne ya ƙare saboda tarin ƙanana. Df -i ke tona wannan.

Ɓarna mafi muni ita ce taɓa ma'ajiyar bayanai, wanda daidai yake da cinye iri. Manhajar PostgreSQL tana da wata jaka mai suna pg_xlog, wadda masu gaggawa suka riƙa ɗauka tarkacen rahoto ce suna gogewa, alhali da ita ma'ajiyar take farfaɗowa bayan ta faɗi. Da abin ya yawaita, sai aka sauya mata suna zuwa pg_wal a fitowa ta 10, a 2017.