Darasi: alamomin da ke bisa ƙashi

Ku sani cewa baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma ƙashi ba sumul yake kamar sanda ba. Akwai alamomi bisa gare shi, kowace da aikinta.

Ta farko, tudu. Shafa bayan kunnenka, za ka ji shi. Nan naman wuya yake kamawa domin juya kai.

Ta biyu, kafa. Babbar tana ƙarƙashin ƙoƙon kai, ta nan laka take saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya.

Ta uku, kai da gurbi. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, lulluɓe da guringuntsi, yana juyawa cikin gurbin ƙugu.

Ta huɗu, kwari. A bayan ƙashin damtse akwai siririn kwari, inda jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu take bi.

Saboda haka karaya ba ƙashi kaɗai take taɓawa ba, har da jijiyoyin da ke maƙwabtaka da shi. Idan an yi ɗori, sai yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko suka daina ji, a sassauta ɗaurin, a gaggauta zuwa likita. Jinkiri yana iya kaiwa ga yanke hannu.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.