Numfashi Linzamin Zuciya

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ɗakin jarrabawa ya san abin da zan faɗa. Da an fara raba takardu sai gabanka ya faɗi, tafin hannunka ya jiƙe da gumi, abin da ka kwana uku kana haddacewa ya ɓace kamar an wanke allo. Wani kuma saurin fushi ne ciwonsa. Abokinsa ya tsokane shi a ɗakin kwana, kafin ka ce kwabo ya ɗaga hannu, washegari sai gaban firinsifal. Masu iya magana sun ce haƙuri maganin zaman duniya. To, shi haƙurin nan, da shi ake haihuwar mutum, ko kuwa koyonsa ake yi? Mutanen Indiya sun daɗe da cewa koyonsa ake yi, kuma sun shimfiɗa hanyoyi biyu na koyon, wato yoga da Ayurveda.

Yawancinmu ta hanyar silima muka san Indiya, saboda haka da an ce yoga sai mu tuna da mutumin da ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ko ya naɗe kamar gammo. Al'amarin ya wuce nan. Kalmar ta fito ne daga tsohon harshensu na Sanskirit, ma'anarta kuwa ɗaurewa wuri ɗaya, kamar yadda manomi ke haɗa shanun huɗa biyu su ja garma ɗaya. Shanun nan su ne jiki da hankali. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce, wani masani mai suna Patanjali ya tattara wannan ilimi a littafin Yoga Sutra, ya kasa shi mataki takwas. Biyun farko duk na gyaran hali ne, kamar barin cutar da wani, da faɗin gaskiya, da tsabta, da wadar zuci. Na uku shi ne daidaita zaman jiki, na huɗu sarrafa numfashi, sauran huɗun kuwa na tattara hankali ne wuri guda. Ashe lanƙwashe-lanƙwashen nan kashi ɗaya ne kawai cikin takwas.

Ita Ayurveda, wato ilimin rayuwa, ita ce hanyar maganinsu ta gargajiya, babban littafinta kuma shi ne Charaka Samhita. Masananta sun ce jikin mutum yana tafiya bisa ɗabi'u uku: vata mai kama da iska, pitta mai kama da wuta, da kapha mai kama da ruwa da ƙasa. A ganinsu in iska ta yi rinjaye mutum ya cika fargaba, in wuta ce ya cika fushi, in ta ukun ce sai kasala. Likitocin zamani ba su tabbatar da wannan rabe-rabe ba. Amma akwai wata shawara tasu da ta yi daidai da ta asibiti, ita ce tsara yini: a tashi da asuba, a motsa jiki, a ci abinci a kan lokaci, a kwanta da wuri. Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwana a gaban fitila yana karatu, da safe ko ƙuda ya sauka masa sai ya fusata.

Yanzu bari mu dubi numfashi, don a nan gishirin darasin yake. In tsoro ko fushi ya kama mutum, jikinsa yakan shirya gudu ko faɗa: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarce. Mutum ba shi da ikon umartar zuciyarsa ta sassauta, amma yana da iko da numfashinsa. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka har zuciya da ciki, wadda ke rage bugun zuciya, aikinta kuwa yakan ƙaru lokacin da ake fitar da numfashi. Babban mutum yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya rage shi zuwa kamar sau 6, jikin yakan lafa.

Ga yadda ake yi. Ka zauna a kan tabarma ko benci, ka miƙe bayanka. Ka shaƙi iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, cikinka yana tasowa. Sa'an nan ka sake ta kana ƙirga shida. Ka yi haka minti biyar safe da yamma. In hankalinka ya tafi wani wuri, ka dawo da shi kan ƙirgar, kada ka tsangwami kanka. In ka ji jiri, ka dakata. Sai dai fa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saba tun yanzu shi abin zai yi wa rana a ɗakin jarrabawa.

Akwai abubuwa uku na lura. Na farko, tushen yoga yana haɗe da addinin Hindu, kuma wasu sassanta ibadarsu ce. Abin da muka ɗauko a nan na lafiyar jiki ne kawai. Na biyu, kada a sha ƙwayoyi ko garin magani don an ce daga Indiya suka zo. A 2004 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun gwada irin waɗannan magunguna 70, suka sami dalma ko wasu ƙarafa masu guba a cikin 14. Na uku, baƙin cikin da ya kai makonni, ya hana ci da barci, cuta ne, sai a gaya wa iyaye ko malami a je asibiti.

A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya. Mu kam ba sai mun jira wannan rana ba. 'Yan'uwana ɗalibai, gobe in wani ya tsokane ku, ku ja numfashi sau uku kafin ku buɗe baki. Iyayenmu kuma muna roƙonku, ranar da muka kawo muku sakamakon jarrabawa, ku ma ku ja naku kafin ku buɗe takardar.