Yadda ake maida gefen firigo ma'ajiyar kayan miya

A gidajen haya da yawa na Gaya ta Nijar, ɗaki ɗaya ne falo, shi ne kuma ma'ajiyar kayan girki. Kwanon yaji na kan taga, daddawa na cikin leda a bayan ƙofa, ashana kuwa sai an neme ta. Alhali ga firigo tsaye a kusurwa, gefensa biyu na ƙarfe ba abin da suke yi. Da mayen ƙarfe mai ƙarfi, wannan fili zai ɗauke miki ƙananan kaya masu yawa ba tare da an buga ƙusa a bangon mai gida ba.

Uwargida, fara da gwaji kafin ki kashe ko dala. Ɗauki kowane ɗan mayen ƙarfe ki manna a gefen firigon da kuma ƙofarsa. Inda ya kama gam, ƙarfe ne mai karɓa. Wasu ƙofofin masu sheƙi ba sa kamawa ko kaɗan, haka ma duk wurin da aka yi da roba ko alminiyam.

Daga nan sai ki shafa hannu a gefen biyu lokacin da injin yake aiki. Firigo na zamani da yawa ba su da ragar nan baƙa a baya. Bututun da ke fitar da zafi a cikin bangon gefe aka binne shi, shi ya sa za ki ji ɗumi. Wannan yana da muhimmanci a garin da zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40. Idan kika lulluɓe gefen mai ɗumi da kaya, injin zai wahala ya ƙara shan wuta, ƙamshin citta da kanumfari kuma ya tafi. Zaɓi gefen da ya fi sanyi, ki bar sarari tsakanin kaya. Kada kuma wani ya ce zai huda jikin ya ɗaura ƙusa mai juyi. Huda ɗaya a kan bututun, gas ya zube, sai dai a kira mai gyara.

Sai zaɓen mayen. Iri biyu za ki tarar. Akwai baƙin nan mai zobe da ake cirowa daga tsohuwar lasifika, wanda masu gyaran rediyo ba sa rasawa. Yana da arha, ba ya tsatsa, amma ƙarfinsa matsakaici ne. Akwai kuma mai launin azurfa, neodiniyam, wanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980 a Japan da Amurka, yanzu mafi yawansa daga Sin yake zuwa. Ya fi baƙin lasifika mai girmansa riƙo nesa ba kusa ba. Shi ne a bayan da yawa daga ƙugiyoyin da ake sayarwa a shirye. A ganina shi ya cancanci kuɗinki, amma yana da saurin fashewa, kuma da zarar fatarsa ta kwaile sai tsatsa ta shiga. Gaya na bakin kogin Kwara, ta kuma fi kusan ko'ina a Nijar samun ruwan sama, don haka a damina ki riƙa goge shi ya bushe.

Ga inda mutane suka fi yin kuskure. Nauyin da aka rubuta a kwalin mayen, na ja ne kai tsaye daga ƙarfe mai kauri. A tsaye a jikin firigo kuwa, kaya zamewa suke yi ƙasa, kuma ƙarfen siriri ne ga fenti a kai. Ƙugiyar da aka ce tana ɗaukar kilo 10, kada ki ɗora mata fiye da kilo 2. Yanki siririyar roba daga tsohon tiyub na keke ki sa tsakanin mayen da jikin firigon. Za ta hana zamewa, ta kuma hana karce fenti.

Idan kwandon kanti ya yi tsada, gwangwanin madara ko na tumatir ya isa, domin ƙarfe ne mai kamawa. Wanke shi, ki busar, ki danne bakinsa mai kaifi, ki manna mayen a gefensa da gam mai ƙarfi, ki bar shi ya kwana. Mai walda ma zai iya lanƙwasa miki ɗan faranti mai baki, a jera maye uku ko huɗu a bayansa.

Wajen jeri, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Yaji, masoro, kuka, busasshiyar kuɓewa, dunƙulen magi, ashana, cokula da ludayi duk sun dace. Kwalbar mai da ta man ja su zauna a ƙasa inda suke. Ƙofa kuma takarda kawai ta dace da ita, domin nauyi yana sa ta sunkuya, robar bakinta ta daina rufewa, sanyi ya riƙa fita. Bayan kin jera, buɗe ƙofar ki rufe da ƙarfi sau da yawa. Abin da ya motsa, rage masa kaya.

Ƙananan mayen nan masu azurfa kada su taɓa zuwa inda hannun yaro zai kai. Idan ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. In hakan ta faru, ko yaron bai nuna ciwo ba, a kai shi asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita abin da ya haɗiya.