Yadda Ake Tsara Wa Ƙanne Karatun Shekara Guda a Gida da Wayar Android

A garuruwa irin Unguwar Gai da ke yankin Rano da Kibiya, sau da yawa wayar yaya ce kaɗai babbar waya a gida. Da ita za a iya tsara wa yara 'yan shekara 4 zuwa 8 karatun gida, a matsayin ƙari kan makaranta, tunda dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara a firamare. Yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, sauran darussa za su yi masa nauyi.

Mataki na 1: Raba shekara

A buɗe Google Calendar, a bi zango uku na makarantun Najeriya, daga Satumba zuwa Yuli. Zangon farko a koyi baƙaƙe da ƙirga zuwa 20, na biyu haɗa gaɓoɓi kamar ba, bi, bu, na uku karanta gajerun jimloli. A rage aiki a makonnin kaka na Oktoba da Nuwamba, da watan azumi, wanda ke matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

Mataki na 2: Sauke darussa

Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce kuma tana da darussa cikin Hausa. African Storybook na da littattafan yara na Hausa masu hotuna. Idan an shiga Rano ko wani wuri mai ƙarfin sabis, a sauke littattafan wata guda, don kada rashin data ya tsayar da karatu.

Mataki na 3: Ƙayyade lokaci

Minti 30 a rana, kwana biyar a mako, ya wadatar, a lokacin da bai ci karo da Islamiyya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a gaban sikirin. Don haka minti 10 a waya, sauran a littafi da fensir, ko ƙirga da ƙwayar masara.

Mataki na 4: Auna ci gaba

Duk ƙarshen wata a naɗi muryar yaro yana karatu na minti ɗaya, a rubuta kwanan wata a jikin fayil ɗin. Idan na Disamba bai fi na Oktoba ba, a maimaita baƙaƙe kafin a shiga zango na biyu.