Darasi na 12: John Hancock, Attajirin da Ya Bijire wa Sarkin Ingila

Ba safai ake ganin attajiri a sahun gaban 'yan tawaye ba, domin mai dukiya ya fi kowa gudun tashin hankali. John Hancock na Amurka yana cikin ƙalilan da suka saɓa wa wannan al'ada.

An haife shi a shekarar 1737 a garin Braintree da ke Massachusetts, lokacin da yankin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, sai baffansa Thomas, wani hamshaƙin ɗan kasuwa a birnin Boston, ya ɗauki riƙonsa. Bayan ya kammala karatu a Harvard a 1754, ya shiga harkar fataucin baffan nasa. Da Thomas ya rasu a 1764, John ya gaji jiragen ruwa da filaye da bayi, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu arzikin yankin.

A daidai wannan lokaci Ingila ta fara ɗora wa mutanen Amurka sababbin haraji domin ta biya bashin yaƙi, alhali ba su da wakili a majalisar dokokinta. Tura ta kai bango a 1768, sa'ad da jami'an kwastan suka kama jirginsa mai suna Liberty bisa zargin fasa-ƙwaurin giya. Mutanen Boston suka yi bore. Lauya John Adams ya kare shi a kotu, daga baya aka janye ƙarar, amma ba a mayar masa da jirgin ba. Daga nan kare kasuwancinsa da neman 'yancin jama'arsa suka zama abu guda a wurinsa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1775, Janar Gage na Ingila ya yi shelar afuwa ga duk wanda ya ajiye makami, ban da mutum biyu: Hancock da Samuel Adams. Wato da an ci su da yaƙi, ba dukiyarsa kaɗai zai rasa ba, har da ransa. A wannan shekara aka zaɓe shi shugaban majalisar wakilan yankuna 13 da ke zama a Philadelphia. Shi ne ya fara sa hannu a takardar shelar 'yancin kai ta 1776, kuma ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Shi ya sa har yau Ba'amurke kan kira sa hannu da sunan "John Hancock".

A 1780 ya zama gwamnan jihar Massachusetts na farko. Ya sauka a 1785, ya dawo a 1787, kuma yana kan wannan muƙami ya rasu a 1793.

Ma'anar Kalmomi
hamshaƙi: babban mai dukiya ko muƙami
riƙo: renon ɗan wani
fasa-ƙwauri: shigo da kaya a ɓoye don gudun biyan haraji
afuwa: yafe laifi

Tambayoyi
1. Ta yaya Hancock ya sami dukiyarsa?
2. Me ake nufi da "tura ta kai bango"? Yi amfani da shi cikin jimla.
3. A ganinka, kishin ƙasa ne ko kare dukiya ya sa shi tawaye? Kawo hujja daga darasin.